Jan Kwali da Shuɗin Kwali

Clive Duckworth ya shekara talatin da ɗaya yana kare faifan da bai taɓa ji ba, sai ranar wata Asabar matarsa ta ce a kunna shi a gaban jama'a.

Na san maganar daga tushe, don matar tasa, Denise, ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Rumfata ta gyaran takalmi da yankan makulli tana kallon teburin kifin Clive a kasuwar Burnley, tsakaninmu bai kai taku goma ba. Abin da ban gani da idona ba Denise ce ta ba ni, kuma ba ta rage komai ba.

Faya-fayen kiɗan sol ne guda biyu, wato wani salon waƙar baƙar fata na ƙetaren teku. Ɗaya na Lavelle Tubbs, wani ma'aikacin kamfanin mota a Detroit da ya shiga ɗakin ɗaukar waƙa sau ɗaya tak a rayuwarsa. Sunan faifan Motar Ƙarfe Shida, amma mu jan kwali muke ce masa, saboda launin kwalinsa. Ɗayan na Ozella Crane ne, 'yar Memphis, Ɗaki Mai Lamba Tara, shi ne shuɗin kwali. Kamfanonin da suka buga su sun mutu tuntuni, ba a sake bugawa ba, kuma ko ka wuni kana latsa waya ba za ka same su ba. A sanin kowa, ja guda ɗaya ne a garin nan, na Malcolm Haworth direban bas, wanda muke kira Mal. Shuɗi ma guda ɗaya, na Clive.

Mal yana kawo nasa kulob ɗinmu na tsofaffin ma'aikatan masaƙa duk lokacin da ya ga dama, mun yi rawarsa har mun haddace. Clive bai taɓa kawo nasa ba. In an tambaye shi sai ya ce, "A ƙarƙashin allurar garmahon kulob ɗin nan? Gara in ba kare ya tauna." Waƙa ɗaya tal muka sani daga cikin shuɗin, wata mai sauri da aka fitar daban a ƙaramin faifai, muna taka ta tun muna da gashi a ka.

Gaskiyar ita ce faifan yana cikin ledarsa ta kamfani, a rufe, kamar ranar da ya baro Memphis. A cikinmu wanda ya yi sa'ar faifai a ledarsa ba ya buɗewa. Kar ka tambaye ni dalili, ni ma ina da uku. Clive ya ce zai buɗe ranar wani babban abu. Kafin babban abun ya zo suka yi musun farko da Mal, bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce ai shi kullum yana jin sa. Daga nan babu komawa. Ya haddace bayan kwalin tsaf, sunayen waƙoƙi, mai ganga, mai jita, har mutumin da ya ɗauki hoton. Sauran kuma ya ƙirƙira.

Akwai gaskiya ta biyu, wadda ta fi muni. Kowace Lahadi da safe Clive yakan hau bene ya kulle ƙofa, ya toshe kunnuwansa da abin saurare, ya ce zai gana da Ozella. Jan kwali yake ji. Har garin Hull ya je ya sayo nasa, inda babu wanda ya san fuskarsa, ya ɓoye shi a cikin kwalin wani faifan badujalar masu haƙar kwal, abin da ya tabbata ba mai taɓawa. Ya manta cewa mai abin saurare a kunne ba ya jin muryar kansa. Denise tana ƙasa tana soya ƙwai, tana jin mijinta yana bin Lavelle Tubbs baiti bayan baiti, da murya irin ta ƙofar gareji.

Ranar Asabar ɗin, wajen tara da rabi, muna rumfar shayin Beverley, wadda kuma ita ce sakatariyar kulob. Mal ya riga mu zama. Clive ya shigo yana goge hannu a gaban rigarsa.

"Ga mai kifi," in ji Mal. "Tun kana ƙofa hancina ya gaishe ka."

"Ga mai barin tsofaffi a tasha," in ji Clive. "Yau nawa ka wuce suna ɗaga maka hannu?"

"Biyu. Ɗaya ta yi kama da kai, shi ya sa."

Ba a yi minti uku ba suka faɗa ramin da suka saba.

"Waƙa goma," in ji Mal, yana dukan tebur da cokali, "babu ɗaya da za ka ji kana zaune. Mai gangar nan kamar an biyo shi da wuƙa. Masu busa huɗu, kowa na neman ya kashe ɗan'uwansa. Mutumin ya tashi daga aikin dare, bai ko wanke hannu ba, ya shiga ya rera. Kana jin man inji a muryarsa. Shi ne sol, mutumina."

"Hayaniya ce," in ji Clive. "Ƙato ne ya makara aiki yake ihu a bayan mota. Ozella ba ta ihu. Mai gaskiya ba ya buƙatar ihu. Waƙa ta uku a gefe na biyu, Mal. In ta buɗe baki a wurin nan sai ka ajiye kofinka. Namiji mai gemu sai ya nemi hankici."

"Shekara talatin ina jin labarin waƙa ta uku."

"Da ɗaya."

Daidai nan Denise ta iso da farantin burodi daga rumfar da take aiki. Dole in faɗi halin da take ciki. Wata guda kafin nan aka yi bikin 'yarsu Joanne. Clive ya miƙe zai yi jawabin uban amarya, ya fara da kyau, sai ya ce aure kamar faifai ne, akwai mai zurfi akwai mai hayaniya. Mal ya amsa masa daga tebur na bakwai. Minti ashirin aka yi, amarya na zaune, miya na hucewa, uwar ango na tambayar ko wace ce wannan Ozella, ko dangi ce.

Denise ta ajiye farantin a hankali.

"Bev, yau kulob a buɗe yake da ƙarfe biyu, ko?"

"A buɗe yake, 'yar'uwa."

"To kowa ya kawo nasa. A kunna daga farko har ƙarshe, ja da shuɗi. Jama'a su ɗaga hannu, a gama. Na gaji."

Clive ya yi dariya, amma ba ta fito da kyau ba. "Denise, kin san allurar nan tasu."

"Bar mini maganar allura."

Ya duba hagu ya duba dama. Mutane sun fara juyo da kujeru. Mai sayar da cuku ya bar rumfarsa ya zo ya tsaya. Sai Clive ya yi abin da ya saba yi in an matsa shi, ya ɗaga murya.

"In dai za a yi, a yi na maza. Wanda ya faɗi, faifansa ya hau bango. Wanda ya ci shi zai buga ƙusar da hannunsa."

A kulob ɗinmu, saman inda ake sayar da giya, akwai bangon katako. Duk faifan da aka kunna ya kori mutane daga filin rawa har ba kowa, ana kafe shi a can da ƙusa, kowa ya gani. Guda goma sha ɗaya ne a lokacin, kuma ana tuna mai kowanne da sunansa. Lissafin Clive shi ne babu mai hankalin da zai sa jan kwali a bakin ƙusa. Mal zai ja da baya, shi kuma ya samu abin gori na wata shekara talatin.

Mal ya ja da bayan kuwa, na gani a fuskarsa. Ya buɗe baki zai ce a'a. Sai Denise ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, ta dube shi, ta gyaɗa kai kaɗan.

"Na yarda," in ji Mal, kamar wanda bai san wa ya yi maganar ba.

"Norris namu zai kawo guduma," in ji Denise. Ni ke nan.

Abin da Clive ya yi wa kifi a safiyar nan bai kamata a yi wa halittar Allah ba. Wata tsohuwa ta nemi yanka biyu, ya ba ta kai da wutsiya. Sha biyu na bugawa ya watsa ƙanƙara a kan sauran, ya ja labule, ya fita da wuƙar feɗe kifi a aljihun riga. Shawara ɗaya ta rage masa. Ya je gida, ya yanke ledar, ya ji faifan ko sau ɗaya ne, ya san inda zai rufe ido da inda zai girgiza kai.

Ya hau bene ya kulle ƙofa. Ya sauko da shuɗin daga saman kabad, ya ɗora a gwiwa. Denise ta ce tana daga ƙasa tana kasa kunne. Sannan ta ji ya ce, "Ki yafe mini," ba da ita yake ba. Ya sa bakin wuƙar a gefen ledar ya ja. Shekara hamsin da wani abu ledar nan tana riƙe da iskar Memphis, ta fita ba tare da ko ƙara ba.

Ya juya wajen garmahonsa, ya ɗaga hannun na'urar. Babu allura. An kwance ta gaba ɗaya, sai wayoyi huɗu sirara suna lilo.

Ya sauko da gudu har ya kusa faɗuwa. Denise na tsaye a falo tana goge masa farar rigarsa.

"Ina allurata?"

"Na kai wa Bev tun sha ɗaya. Ba kai ka ce tasu ba ta da kyau ba? Yanzu taka ce za ta hau kan Ozella. Ba ka gode ba?"

"Ina so in ɗan... in duba shi ne."

"Duba me, maigida? Faifan da kake ji kowace Lahadi?" Ta juya rigar, ta danna dutsen guga a kan kwala. "Je ka yi wanka. Warin kifi kake."

Ya koma sama. Tunda ba zai ji ba, sai ya shiga tsofar da kwalin. Ya goga shi a cinyar wandonsa, ya murza bakinsa da babban yatsa, ya daure ya lanƙwasa kusurwa ɗaya, abin da a cikinmu daidai yake da mutum ya karya yatsan ɗansa. Ledar ya ninke ta sau huɗu ya sa a aljihun ƙirji. Kwalin badujala yana nan a wurinsa a kan kanta, bai ko kalle shi ba.

Ƙarfe biyu kulob ya cika fiye da yadda na taɓa gani da rana. Mutum talatin da huɗu, har da waɗanda likita ya hana. An barbaɗa hodar jarirai a daɓen katako don ƙafa ta yi sulɓi. Bev ta hau kan ɗan dandamali ta kafa doka. Kowa zai ɗora faifan abokin gabansa da hannunsa, don kada wani ya yi wasa da ƙarar murya. Masu faifan ba su da ƙuri'a. Aka jefa kwabo, ja ya fara.

Mal ya miƙa jan kwalin. Clive ya karɓa da yatsu biyu kamar an ba shi ruɓaɓɓen kifi, ya zaro faifan ba tare da ya kalla ba, don mutane su ga raini, ya ɗora, ya saki allura.

Ganga ta faɗo, masu busa suka biyo ta, fili ya cika kafin Lavelle ya buɗe baki. In faɗi gaskiya, babu faifan da ya fi wannan fara aiki da wuri. Ba ya gaisuwa, ba ya tambayar lafiyarka. Clive ya koma ya jingina da bango, ya harɗe hannuwa, ya tsuke fuska. Ƙafarsa ta dama ce kawai ta ƙi bin umarni, sai da ya danne ta da ta hagu.

A waƙa ta biyu, bayan mai ganga ya yi wani zagaye, faifan ya yi ƙas, ƙas, ƙas, sau uku, sannan ya wuce.

"Mal, faifanka ya fara tsufa," wani ya yi ihu daga fili.

"Duk mun fara," in ji Mal.

Ina kusa da Clive, na ga ya juyo ya zura wa garmahon ido. Ya san ƙas ɗin nan kamar yadda ya san tarin kansa. Shi ya yi shi, wata Lahadi da Denise ta buga ƙofa ba zato, allura ta kuɓuce masa. Kwalin na Mal ne, amma abin da ke juyawa a kan garmaho na Clive ne. Ashe ba allura kaɗai Denise ta fitar daga gidan ba. Ya nemi matarsa da ido. Tana tsakiyar fili, hannu a sama, tana juyi kamar 'yar shekara goma sha bakwai. Da ta zo saitinsa ta yi masa murmushi.

Matsalar jan kwali ita ce ba ya jin tausayi. A waƙa ta huɗu mai cuku ya zauna yana haki. A ta shida mata biyu suka cire takalma. Da aka juya gefe na biyu saura mutum bakwai a fili, da aka gama saura uku, ɗaya daga ciki don bai san yadda zai tsaya ba ne. Aka yi tafi, aka nemi ruwa, aka buɗe tagogi.

Sai Clive ya miƙa shuɗin. Mal ya karɓa da hannu biyu, don duk rashin kunyarsa ya san darajar abu. Ya zaro faifan, takardar ciki ta manne masa tana ƙara ƙananan tartsatsi, irin na abin da bai taɓa shan iska ba. Mal ya tsaya. Ya karkata shi wajen taga, ya dubi ramin tsakiya. Faifan da aka ɗora ko sau biyar ne, sai ka ga 'yan layuka a takardar da ke kewaye da ramin, inda hannu ya lalubi sandar garmaho. Wannan fes yake.

"Kai, Clive," in ji Mal, ƙasa-ƙasa, ni kaɗai na ji bayan su. "Ka iya saiti. Kowace Lahadi shekara talatin, ko sau ɗaya ba ka kuskure rami ba."

"Ina da hannu," in ji Clive.

"Na gani. Hannun likita."

Ya ɗora, ya saki allura, ya je ya zauna.

Ban iya bayanin kiɗa ba, makarantar da na yi ba ta kai nan ba. Abin da na sani shi ne wani molo mai kaurin murya ya fara tafiya a hankali, sannan matar ta shigo kamar tana magana da mutum ɗaya a ɗaki, ba ta san muna nan ba. Ba ta roƙi kowa ya tashi ba. Waƙar farko a kan mace ce da ke jiran waya a masauki. Ta biyu a kan ta daina jira. Mai sauri da muka sani ita ce ta huɗu, kuma da muka ji ta a cikin 'yan'uwanta sai muka gane shekara arba'in muna tsalle a kan waƙar mace da ke tattara kayanta. Babu wanda ya tashi. Masu giya suka daina buga kofuna. Gwiwoyin mutane ma sun gode.

Clive ya rufe ido, ya ɗaga haɓa, yana girgiza kai a hankali. Kowa ya ɗauka ya tafi wata duniya. Denise ta ce mini daga baya ta san fuskar nan, ita yake yi a coci ranar jana'izar wanda bai sani ba. Bai so faifan ba ko kaɗan. Jira yake ganga ta shigo, ganga ba ta shigo ba. Sau ɗaya kansa ya faɗi gaba, ya farka, ya mai da shi girgiza.

Aka juya gefe na biyu. Da waƙa ta biyu ta ƙare duk ɗakin ya juyo ya kalle shi. Ba yadda zai yi. Ya miƙe.

"Ga ta nan," ya ce. "Ku ajiye kofuna."

Aka ajiye. Piyano ya fara. Goge suka biyo, da yawa, a hankali. Minti ɗaya. Clive na tsaye da yatsa a sama, yana jiran inda za ta shigo. Minti biyu. Yatsan ya fara sauka. Minti huɗu da 'yan kai, piyano ya sauka, goge suka ɗauke, allura ta shiga shiru. Ozella Crane ba ta ce uffan ba. Waƙa ta uku a gefe na biyu kiɗa ne zalla.

"To yaushe za ta buɗe bakin?" in ji mai cuku.

Na ɗauka an gama da Clive. Na riga na fara tunanin wa zai sayi teburin kifi. Amma mutumin nan shekara talatin yana sayar da kifin Talata a ranar Juma'a.

"Ba ka ji ta ba?" ya ce, yana kallon mai cuku da tausayi. "Waƙa bakwai tana gaya maka abin da aka yi mata. A nan ta kasa. Tana tsaye a gaban na'ura, baki a buɗe, abin ya ƙi fita. Shi nake gaya muku tun kuna da haƙora. In sai an yi maka ihu kake ji, ga Mal nan."

Bev ta fyace hanci a tawul ɗin goge kofuna. "Wallahi gaskiya ne," ta ce. "Na ji ta."

Wasu mutum biyar suka ce su ma sun ji ta. Mal ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi. Aka ɗauka kuka yake.

Da faifan ya ƙare Bev ta ce masu ja su ɗaga hannu. Takwas, har da ni, don ni rawa na zo yi duniya. Masu shuɗi, ashirin da huɗu. Mal ya ɗaga nasa hannun a cikinsu, Bev ta ce ya sauke, ba shi da ƙuri'a.

"Na sani," ya ce. "So nake a gani. Mai kifi ya fi ni gaskiya, jama'a. Shekara talatin da ɗaya yana faɗa, ban ji ba. Norris, ba shi gudumar."

Aka yi ta dukan Clive a baya. Wani ya sumbace shi a ƙeya. Aka jawo kujera ƙarƙashin bangon, Bev ta zaro baƙin faifan daga jan kwali ta miƙa masa, ta mayar wa Mal kwalinsa. Na ba shi guduma da ƙusa mai inci uku.

Clive ya tsaya da faifan a hannu. Ya share murya.

"Ku saurara. Ni ba mugu ba ne. An yi, an gani, ya isa. Na yafe masa. Mutum ya tafi da abinsa."

"A'a," in ji Mal. "Magana magana ce. Kai ka faɗa a gaban mutane, ni na yarda a gaban mutane. Da ni na ci, da tuni Ozella na sama."

"Mal, faifai ne mai wuyar samu."

"Hayaniya ce, kai ka ce. Buga."

Clive ya juyo wajena, ya rage murya. "Ba ka da siririya? In sa ta ramin tsakiya."

"Ba ta rami ba," in ji Bev, wadda kunnenta ke jin faɗuwar cokali daga titi. "Ta cikin waƙa ake bugawa. Kai ka kawo dokar, ranar da aka kafe na marigayi Stan."

Denise ta matso, ta gyara masa kwalar riga, ta kaɗe masa hoda daga kafaɗa. Ta yi maganar a hankali, amma ina riƙe da kujerar, na ji.

"Ko wanne ya ci, a naka ƙusar za ta shiga, maigida. Amma kalma biyu za su sauke ka daga nan. Ka ce nawa ne. Ga jama'a, kowa na ji. Ka faɗa, mu tafi gida da shi, gobe in soya maka ƙwai kana rerawa."

Ya dube ta. Ya dubi ɗakin, mutum talatin da wani abu, duk sun ɗago kai suna kallonsa kamar yau suka fara ganinsa. Mai cuku, wanda bai taɓa saya wa kowa ko ruwa ba, yana riƙe da kofi biyu, ɗaya na Clive ne. Na ga bakinsa ya motsa. Na rantse na ɗauka zai faɗa.

Ya hau kujerar.

Ya ɗora faifan a katako, ya sa bakin ƙusa a kan layukan, ya ɗan matsar da ita, ya sake matsarwa, kamar akwai wurin da ba zai yi zafi ba. Bugun farko ya kuskure ya samu katako. Na biyu ya shiga. A na uku faifan ya tsage daga ƙusa har baki, wani yanki mai kamar yankan kankana ya faɗo ya yi tsalle a kan kanta. Ɗakin ya ɗauki sowa. Bev ta sanar cewa daga yau Asabar ɗin farko ta kowane wata za a kunna shuɗin kwali daga farko har ƙarshe, Clive zai riƙa kawowa, kuma zai riƙa yin ɗan bayani kafin waƙa ta uku.

Ya sauko ya miƙo mini gudumar, bai kalle ni ba. Mal ya zo ya tsaya kusa da shi, su biyu suna kallon bango.

"Nawa yana gida lafiya lau," in ji Mal, ba tare da ya juyo ba. "Ba zan iya fito da shi ba yanzu, tunda ga shi can a sama. Amma ina kunna shi da safe in matata Pauline ta tafi wajen uwarta. Ƙofar baya a buɗe take. Ba wanda zai sani."

Clive ya kurɓi giyar mai cuku. Ya daɗe kafin ya haɗiye.

"In zo in ji me?" ya ce. "Hayaniya? Allah ya kiyaye."

Wata bakwai ke nan. Ya yi bayanin waƙa ta uku sau bakwai, kowane wata yana ƙara tsawo. Lavelle Tubbs kuwa, Clive bai sake jin muryarsa ba.